Yadda Ake Zama Editan Littafin Zane, Har a Kai Labarin Fim da Talabijin

Ka ɗauko shafi mai akwati shida. A akwatin farko wata yarinya ta kama hannun ƙofa. A na biyu tana tsaye a tsakiyar ɗaki, kofin da ke hannunta ya faɗi ya tarwatse. Ba wanda ya zana lokacin da ƙofar ta buɗe, ba wanda ya zana abin da idonta ya gani, amma duk wanda ya karanta shafin zai rantse ya ga ƙofar tana buɗewa, har ya ji ƙarar kofin. Wannan siririyar farar tazara da ke tsakanin akwati da akwati, a nan labarin zane yake numfashi, kuma a nan aikin edita yake. Wanda ya gane abin da ke faruwa a cikinta zai iya gyara littafi, kuma shi ne zai san abin da zai ɓace ranar da aka ce za a mayar da littafin fim.

Littafin zane da nake nufi shi ne dogon labari cikakke da aka ba da shi ta hanyar zane da ƴar magana, wanda wasu ke kira komik. Tun da Will Eisner ya fitar da A Contract with God a 1978 sunan da ake kiran irin wannan littafi da shi a Turance, wato graphic novel, ya fara yaɗuwa, sannan da Maus na Art Spiegelman ya samu kyautar Pulitzer ta musamman a 1992, masu cewa wannan wasan yara ne suka rage murya. Yau sana'a ce mai zaman kanta, ga kuma yadda ake shigarta.

Fara da koyon karanta shafi

Kafin ka gyara aikin kowa, sai idonka ya koyi abin da mai karatu yake yi bai sani ba. Ka samu littafi guda da kake so, ka karanta shi sau uku. Karon farko ka more labarin kawai. Karo na biyu ka rufe maganganun da yatsa ko da ƴar takarda, ka ga ko zanen kaɗai ya isa ya gaya maka wa ke fushi, wa ke ɓoye wani abu, ina aka dosa. Karo na uku ka riƙe biro, ka ƙirga akwatunan kowane shafi, ka rubuta abin da ya faru a akwatin ƙarshe na kowane shafin dama.

Dalilin wannan na ƙarshen shi ne mafi muhimmanci. A littafin da ake karantawa daga hagu zuwa dama, idan mutum ya buɗe, shafi biyu yake gani lokaci guda, kuma ido ba ya da haƙuri, sai ya leƙa na dama kafin ya gama na hagu. Don haka duk abin mamakin da aka ajiye a shafin dama an riga an tona shi. Wurin ɓoye abu shi ne bayan juya takarda, wato saman shafin hagu. Akwatin ƙarshe na shafin dama ya yi tambaya, juyawar ta ba da amsa. A littattafan Japan da ake karantawa daga dama zuwa hagu, sai ka juya lissafin.

Ka lura kuma da yadda girman akwati ke sarrafa lokaci. Ƙananan akwatuna a jere suna sa ido gudu. Babban akwati ɗaya da ya cinye rabin shafi yana tsayar da mutum ya yi shiru. Watchmen na Alan Moore da Dave Gibbons, wanda ya fito kashi goma sha biyu tsakanin 1986 da 1987, an gina shi a kan tsarin akwati tara a shafi, shi ya sa duk inda suka karya tsarin sai ka ji shi a jikinka. Idan kana neman littafi ɗaya da zai buɗe maka wannan ilimi, Understanding Comics na Scott McCloud, na 1993, shi ma da zane aka rubuta shi, kuma ya yi dogon bayani a kan wannan tazara da na fara da ita.

San masu aikin da yadda aikin ke bin hannu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai littattafan da mutum ɗaya ke rubutawa ya zana, amma sau da yawa aikin yana ratsa hannu biyar: marubuci, mai zanen fensir, mai bi da tawada, mai saka launi, da mai rubuta haruffa a cikin balan-balan ɗin magana. Edita shi ne kaɗai yake ganin aikin a kowane hannu, shi ne kuma yake riƙe da dukkan littafin a kansa lokacin da kowa ya duƙufa kan nasa shafin.

Hanya biyu ake bi wajen rubutu. Ta farko, marubuci ya rubuta komai dalla-dalla: shafi na kaza, akwati na kaza, ga abin da ake gani, ga abin da aka ce. Ta biyu, wadda aka san Stan Lee da ita a kamfanin Marvel, marubuci ya ba da gundarin labarin a taƙaice, mai zane ya tsara shafukan yadda ya ga dama, sannan a dawo a saka maganganu. Ka tambayi mutanenka wace suka fi sabawa da ita tun ranar farko. Ni na fi son cikakken rubutu idan marubuci da mai zane ba su taɓa aiki tare ba, domin yana rage gardama.

Ba dole ba ne ka iya zane. Amma ka zauna ko sau ɗaya ka gwada zana shafi guda, komai muninsa, don ka san nauyin abin da kake nema idan ka ce wa mutum "sake wannan".

Gyara: kowane kuskure da lokacinsa

Nan zan daɗe, domin nan ne sana'ar take. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gyaran da zai ci minti biyar a matakin rubutu zai ci yini guda a matakin fensir, ya ci kwana uku bayan an saka launi, kuma ya ci zumuncinka da mai zane. Saboda haka ka raba gyaranka bisa mataki, kada ka bar na farko ya kai ƙarshe.

A matakin rubutu, ka fara da manyan tambayoyi. Labarin wa ake bayarwa? Me yake so, me ya hana shi samu? Wane babi ne za a cire ba a ji an rasa komai ba? Sai ka sauko kan shafi. Kuskuren da sababbin marubuta suka fi yi, musamman waɗanda suka fito daga rubutun zube, shi ne cusa motsi biyu a akwati ɗaya. Za ka ga an rubuta: "Ya shigo, ya ajiye jaka, ya juyo ya dube ta." Wannan akwati uku ne, domin zane daskararren lokaci ne guda. Aikinka ka tambayi marubucin wanne daga cikin ukun ne labarin yake buƙata. Galibi juyowar ce, sauran biyun mai karatu zai cike su da kansa.

Sai yawan magana. Ƙa'idar da masu aikin suka saba bi ita ce kada balan-balan ɗaya ya wuce kalma ashirin zuwa ashirin da biyar, kuma a shafi mai akwati shida kada akwati ya ɗauki fiye da kalma talatin da biyar. Ba doka ba ce, ana karya ta, amma idan ka ga shafi ya wuce haka nesa, ka san magana za ta danne fuskoki. Ka kuma farauci maganar da ke maimaita zane. Idan an zana mutum yana kuka, ba ya buƙatar cewa "ina baƙin ciki". Ka bar shi ya ce wani abu dabam, ko da "ka rufe tagar nan" ne, sai kukan ya fi shiga rai.

Mataki na gaba shi ne ƙananan zanen gwaji, waɗanda mai zane ke yi da sauri, kowane shafi bai fi tafin hannu ba, mutane kamar sanduna. Kada ka yarda a tsallake wannan mataki ko da lokaci ya ƙure. A nan za ka duba ko ido ya san inda zai bi daga akwati zuwa akwati ba tare da ya tsaya tunani ba. A nan za ka duba ko wanda zai fara magana yana gefen hagu, domin idan yana dama, jelar balan-balan ɗinsa za ta gitta ta abokin maganarsa, ko mai karatu ya karanta amsa kafin tambaya. A nan kuma za ka ga ko an bar wa magana fili a saman akwati. Mai zane da ya cika kowane lungu da ado, ƙarshenta haruffa ne za su rufe adon.

Akwai kuskuren da na taɓa yi wanda har yau nake tunawa. Mun gama littafi, mun tsara kowace juyawa a wurinta, akwai shafin da fuskar wanda ya ci amanar jarumar take bayyana, mun ajiye shi daidai bayan juya takarda. Daf da kai wa maɗaba'a aka ce a ƙara shafi ɗaya na sadaukarwa a farko, na amince ban sake ƙirgawa ba. Shafi ɗayan nan ya tura kowane shafi gaba, na hagu ya koma dama. Da samfurin bugu ya iso na buɗe tsakiya, sai ga fuskar mutumin tana kallona a shafin dama, alhali a na hagu jarumar tana tambayar ko waye. Mun ceto littafin da ƙara wani farin shafi, amma tun daga ranar, duk abin da za a ƙara ko a rage a farkon littafi, bibbiyu nake yin sa, kuma ina riƙe da takarda guda da aka zana dukkan shafukan a jere, hagu da dama, ina duba ta kafin in ce to.

A matakin fensir da tawada, idonka ya koma kan daidaito. Tabon da ke kumatun hagu kada ya koma dama a babi na huɗu. Agogon da ke hannun mutum kada ya ɓace ya dawo. Ka buɗe fayil na kowane ɗan wasa da kowane ɗaki, da hoton gaba da na gefe, kowa ya riƙa komawa gare shi. Wannan fayil zai yi maka rana nan gaba, idan masu fim suka zo. A matakin launi kuma ka duba ko dare ya yi duhun da har fuska ta ɓace, domin abin da ke haske a fuskar kwamfuta yakan dusashe a takarda.

Yadda kake faɗin gyara shi ma rabin aikin ne. Ka nuna matsalar, ka bar wa mai aikin maganin. Maimakon ka ce "matsar da kyamara kusa", ka ce "a nan ban gane ta tsorata ba sai da na karanta maganar". Sau tari zai kawo mafitar da ta fi wadda ke kanka. Ka tattara gyaranka ka aika sau ɗaya, kada ka riƙa yayyafa shi safe da yamma. Ka bambanta wanda dole ne da wanda ra'ayinka ne kawai, ka faɗa masa hakan a fili. Kuma ka tuna littafin ba naka ba ne. Ranar da ka fara mayar da labarin wani irin wanda kai za ka rubuta, ka bar aikin edita.

Jadawali da maɗaba'a

Daga ranar kai wa maɗaba'a ake ƙirgowa baya. Ka tambayi mai zane shafi nawa yake gamawa a mako idan babu gaggawa, ka yi lissafi da wannan adadin, ka ƙara makonnin rashin lafiya da na uzuri, domin littafi mai shafi 200 aikin shekara ne ko fiye ga mutum ɗaya. Ana buga littafi a manyan takardu da ake naɗewa, shi ya sa yawan shafuka kan zama ninkin 8 ko 16. Ka san wannan tun kafin a fara zane. Fayil ɗin launi ya kasance a tsarin CMYK na bugu, ba RGB na allo ba, da ƙarfin ɗigo aƙalla 300 a inci, zanen baƙi da fari kuwa yakan so 600 ko sama. Zanen da zai kai bakin takarda a bar masa rara, saboda wuƙar yanka ba ta faɗa wuri ɗaya kullum. Ka koyi manhajar tsara shafi ta InDesign ko makamanciyarta, ko da ba kai ne mai tsara shafi ba.

Ƙofar shiga

Yawancin editoci daga mataimaki suka fara: bin diddigin fayil, duba kuskuren rubutu, tuna wa mutane ranar miƙa aiki. Kada ka raina wannan, a nan ake ganin yadda babban edita ke yanke hukunci. Karen Berger ta yi shekaru tana aikin edita a kamfanin DC kafin ta kafa sashen Vertigo a 1993, kuma abin da aka fi tunawa da ita shi ne iya gano marubuta da ba su fili.

Idan babu kamfani kusa da kai, ka ƙirƙiri aikin da kanka. Ka tara marubuta da masu zane huɗu ko biyar, kowa ya kawo labari mai shafi takwas, ka gyara, ka tsara, ka fitar ko da a intanet ne. Wannan ɗan kundi shi ne shaidarka, domin edita ba ya da zanen da zai nuna, sai littafin da ya fito da kyau ta hannunsa. Ka ajiye samfurin shafi kafin gyara da bayan gyara, da izinin masu shi. Manyan tarukan sana'ar kuma su ne bikin Angoulême a Faransa, wanda aka fara a 1974, da Comic-Con na San Diego a Amurka, da kasuwar littattafai ta Frankfurt a Jamus inda ake cinikin haƙƙoƙi. Ko ba ka je ba, ka bi labarin abin da aka saya da wanda ya saya.

Takarda kafin kyamara

Duk mai son kai littafi fim, ya fara da tambaya ɗaya: na waye? A 1938 Jerry Siegel da Joe Shuster suka sayar da Superman a kan dala 130, suka kuma shafe shekaru masu yawa suna neman haƙƙinsu. Irin wannan tarihi na cikin abin da ya sa wasu fitattun masu zane suka kafa kamfanin Image Comics a 1992, inda mai ƙirƙira ke riƙe da mallakar aikinsa. Don haka tsari biyu ne: ko an yi aikin ne a matsayin ɗan kwangila, mallaka ta kamfani ce, ko kuwa mallakar tana hannun masu ƙirƙira, kamfani ya karɓi izinin bugawa kawai. Ka karanta kwantiragin ka ga ko haƙƙin fim da talabijin yana cikin abin da aka ba mawallafi ko an riƙe shi.

Sai tsakanin marubuci da mai zane. Abokai ne, sun fara aiki da amana, ba su rubuta komai ba. Ka zaunar da su tun littafin bai fito ba, su rubuta kason kowa, da wanda zai yi magana da yawunsu, da abin da za a yi idan ɗaya ya yarda ɗaya ya ƙi. Mai saka launi da mai haruffa su ma a rubuta matsayinsu. Babu furodusan kirki da zai zuba kuɗi sai ya ga jerin takardun da ke nuna yadda mallaka ta taso daga hannun farko har zuwa wanda ke sa hannu yau. Takarda ɗaya ta ɓace a jerin, ciniki ya tsaya.

Abin da furodusa ke fara yi ba saye ba ne, kamu ne. Yana biyan ɗan kafin alƙalami don a riƙe masa labarin, kada a ba wani, na tsawon wata 12 zuwa 18 galibi, da damar sabuntawa idan ya ƙara biya. A cikin wannan lokaci yake neman marubucin fim da darakta da masu zuba jari. Idan abin ya tabbata, sai ya biya cikakken farashin da aka riga aka rubuta a yarjejeniyar kamun. Ka gaya wa mutanenka gaskiya tun farko: yawancin labaran da aka kama ba sa zama fim. Kada kowa ya bar aikinsa saboda an kama littafinsa.

Saboda haka sharaɗin da na fi tsayawa a kai shi ne na dawowar haƙƙi: idan wa'adi ya cika ba a fara ɗauka ba, komai ya koma hannun masu shi, a rubuce, da rana. Ka duba yadda aka rubuta sharaɗin da kyau. Alan Moore ya sha bayyana cewa yarjejeniyar Watchmen ta ce haƙƙi zai dawo musu idan aka daina buga littafin, littafin kuwa ya karɓu har ba a daina buga shi ba. Ka duba kuma me aka bayar: fim ɗaya ne, ko har da ci gabansa, da wasan kwamfuta, da kayan sayarwa masu hoton ƴan wasan? Haƙƙin ci gaba da buga littafi da rubuta sababbi ya zauna wurin masu shi. Yadda za a rubuta sunayensu a allo shi ma a sa shi a takarda. Kuma komai ƙwarewarka, a samu lauyan da ya san wannan fanni ya karanta kafin a sa hannu.

Mayar da shafi allo

Mutane kan ce littafin zane ai fim ne da aka riga aka zana, sai ɗauka kawai. Ban yarda da wannan ba. A littafi, lokaci yana hannun mai karatu: yana iya tsayawa minti biyu a kan fuska ɗaya, ya koma baya, ya sake dubawa. A fim, hoto 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa, ba ya jiran kowa. Waccan yarinya da kofinta, a fim dole darakta ya yanke shawara: za a nuna ƙofar tana buɗewa? Za a nuna abin da ta gani, ko a tsaya a kan fuskarta? Daƙiƙa nawa kafin kofin ya faɗi? Abin da mai karatu ya cike da kansa kyauta, yanzu sai an zaɓa, an ɗauka, an biya.

Ka fara da rufe littafin ka rubuta labarin a jimla biyu daga ka. Abin da ya tsira a jimlolin nan shi ne ƙashin bayan fim ɗin. Sannan ka buɗe, ka rubuta kowace fitowa a kan ƙaramin kati, ka baje su a tebur, ka ware gida uku: wanda labari ba ya tsayuwa sai da shi, wanda ke nuna halin ɗan wasa, da wanda kyansa a shafi kawai yake. Gida na ukun shi ne mai zafi, domin a cikinsa shafukan da kowa ya fi so suke.

Daga katunan za ka gane ko fim ne ko shiri mai dogon zango. Rubutun fim, a tsarinsa na ƙa'ida, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne, cikakken fim kuma shafi 90 zuwa 120. Labari mai jarumi ɗaya da tambaya ɗaya da ƙarshe tabbatacce, fim ne. Labari mai taron mutane da duniyar da ke haifar da sabuwar matsala kullum, talabijin ya fi dacewa da shi. The Walking Dead na Robert Kirkman ya fara fitowa a 2003, tashar AMC ta fara nuna shirinsa a 2010, kuma ɗaya daga cikin ƴan wasan da masu kallo suka fi so, Daryl Dixon, babu shi a littafin sam, don shirin aka ƙirƙire shi. A ɗaya gefen, Katsuhiro Otomo ya fara Akira a 1982, bai kammala ba sai 1990, amma fim ɗin da shi da kansa ya ba da umarni ya fito a 1988, ya matse labarin da ya haura shafi 2,000 cikin kusan awa biyu. Mai labarin da kansa ya datse, saboda ya san allo ba shafi ba ne.

Babbar matsala ita ce muryar zuci, wato ƴan akwatunan rubutu da ke faɗin tunanin jarumi. A shafi suna da daɗi. A fim, idan aka mayar da su duka muryar mai ba da labari, sai mai kallo ya ji ana karanta masa littafi. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka tambaya: za a iya mayar da wannan aiki da ake gani, ko magana da wani, ko shiru? Wanda ya ƙi duka ukun, shi kaɗai ya cancanci a ji shi da murya.

Sai tambayar salo: mutane za su taka, ko zane mai motsi za a yi? Idan hannun mai zanen shi ne ran littafin, ka yi tunani sosai kafin ka rabu da shi. Marjane Satrapi ta fitar da Persepolis a Faransa tsakanin 2000 da 2003, da aka zo fim a 2007 ita da Vincent Paronnaud suka ba da umarni, suka yi shi da zane mai motsi, galibinsa baƙi da fari kamar littafin, ya kuma samu kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes. Haka Aya de Yopougon na Marguerite Abouet da Clément Oubrerie, labarin ƴan mata a wata unguwar Abidjan, da zane ya fito fim a 2013. Labarin da ƙarfinsa ke cikin hali da magana kuwa, ƴan wasa na jini da tsoka za su iya ƙara masa abin da zane bai ba shi ba.

Abin da za ka shiga da shi ɗakin furodusa bai da yawa: taƙaitawar jimla biyun nan, bayanin labarin daga farko zuwa ƙarshe a shafi biyar zuwa goma, da zaɓaɓɓun shafukan littafin da ke nuna yanayinsa. Idan shirin talabijin ne, ka ƙara kundin shiri mai ɗauke da ƴan wasa da dokokin duniyarsu da inda zangon farko zai ƙare, tare da rubutun kashi na farko idan akwai. Fayil ɗin daidaito da ka tara tun matakin fensir, rabin wannan kundin ne a shirye. Ka je da amsar tambayar kuɗi ma, domin taron mutum dubu da mai zane ya yi a yini biyu, a wurin ɗauka yana iya cinye kasafin mako guda. Ka san tun a gida waɗanne manyan fitowa ne za ka kare, waɗanne za ka sallama.

Idan aka fara aiki, matsayinka ya zama na tsani tsakanin ɓangare biyu da ba sa jin yaren juna. Marubucin fim zai haɗe mutum biyu su zama ɗaya, mai littafi zai ji kamar an yanke masa yatsa. Kafin rubutun farko ya iso, ka zauna da masu littafin ku rubuta abu uku kacal da idan aka taɓa su labarin ya tashi daga nasu, ka kai wa furodusa tun da wuri, sauran kuma ku sake su. Idan gyaran masu fim ya zo, ka karanta shi kai kaɗai tukuna, ka gano matsalar da suke ƙoƙarin warwarewa, sannan ka kai wa mutanenka matsalar tare da shawarar. A gefe guda kuma ka koma wa mawallafi da ranar fitowar fim ɗin da zarar ta tabbata, domin sabon bugu yana buƙatar watanni, kuma makon da aka fara nuna tallan fim shi ne makon da mutane za su shiga neman littafin.